Yadda Ake Lissafa Turjiya da Ƙarfin Hita Daga Boltej da Karan

Makon jiya wata maƙwabciyarmu ta aiko ɗanta shagona da hitar dafa ruwa, wai ta lalace, ruwan wanka ba ya tafasa sai an gaji da jira. Na jona ta a shago, nan da nan bokiti ya fara tururi. Hita lafiyarta ƙalau, wutar gidansu ce ta yi ƙasa. Lissafin da ya tabbatar min da haka kai ma za ka iya yin sa a bayan kwali.

Lambobi biyu kake buƙata. Na farko boltej, wato ƙarfin da ke tura wuta cikin waya. Ɗauki mitar hannu ta auna wuta, ka juya ta zuwa boltej na AC, wato irin wutar da ke zuwa gida, ka sa tsinkayenta biyu a ramukan soket. A shagona na samu bolt 220. Na biyu karan, wato yawan wutar da ke gudana, ana auna shi da amfiya. Nan mita mai baki, wato wadda ake buɗe bakinta a kama waya da shi, ta fi sauƙi, amma waya ɗaya tak za ka kama da bakin. In ka haɗa mai wuta da ta dawowa, sifili za ta nuna maka, domin ɗaya tana soke ɗaya. Yarana na shago sun sha yin wannan kuskuren. Hitar ta ja amfiya 5.

Turjiya ita ce yadda abu ke hana wuta wucewa. Raba boltej da karan: 220 a raba 5, om 44 ke nan. Georg Ohm, wani malamin Jamus, shi ya fitar da wannan ƙa'ida a 1827, sunansa aka sa wa ma'aunin. Ƙarfin hita kuwa, wanda ake aunawa da wat, ninkawa ake yi: 220 sau 5, wat 1,100.

To, da yamma na bi yaron gida na auna soket ɗinsu, bolt 160. Abin da mutane ke kira "lo karan" ke nan, alhali boltej ne ya faɗi. Turjiyar hita tana nan kusan yadda take, 44. Raba 160 da 44, ka samu amfiya 3.6. Ninka da 160, wat 580 ko kusa da haka. Duba da kyau: boltej ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu da ɗan ɗoriya, amma ƙarfin hita kusan rabi ya tafi, saboda raguwar ta taɓa lambobin biyu da ake ninkawa. Na nuna wa Hajiya a takarda, ta fasa sayen sabuwa, na ji daɗi ƙwarai.

Wannan lissafi yana zama daidai a kan hita, dutsen guga da risho na lantarki. Firji da injin jan ruwa nasu daban ne. Suna da mota a ciki, wato injin da wuta ke juyawa, kuma idan boltej ya faɗi sukan ƙara jan karan har kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin motar, ya ƙone, don haka kashe su ya fi.

In kana so ka auna turjiya kai tsaye da mita, zare filogi daga soket tukuna, ka bar hitar ta huce, sannan ka ɗora tsinkayen a ƙafafun filogin biyu, ban da ta ukun, wato doguwar da ake kira "earth".