Kafin ka sauke injin 911, duba hanyar mai

Salam 'yan uwa direbobi da makanikai. Mai tsohuwar babbar motar Marsandi 911, in ta fara wahalar tashi da safe ko tana mutuwa a kan hawa, kada ka yi saurin sauke inji. Sau da yawa iska ce ta shiga hanyar gas. Sassauta noti na saman filta, ka yi ta buga famfon hannu har mai ya fito babu kumfa, sannan ka ɗaure. In gobe ta maimaita, to akwai tiyon da ya tsage ko wasa (washer) da ta saki, tana zuƙar iska da dare.

Ka kuma kula da hayaƙi. Baƙi: filtar iska ta toshe ko nozul, mai fesa mai cikin inji, na zubar da mai. Shuɗi kuwa baƙin mai take ci, nan ne za a fara zancen ringin fistin.

Batun kaya, nan mutane ke asara. Injin 911 OM352 ne, silinda 6, amma akwai mai tabo (turbo) da marar tabo, kuma fistin ɗinsu ba ɗaya ba ne. Haka injin OM366, kamarsu ɗaya da OM352 a ido, ba duk kayansu ke shiga juna ba. In za ka sayen kaya a kasuwar Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, tafi da tsohon kayan a hannu, da lambar injin. Nozul kuwa a gwada maka shi a injin gwaji a gabanka. Ni dai kwali mai ƙyalli ya taɓa cin kuɗina, abin da ke ciki ko wata biyu bai yi ba.