Kafin ka zuba kuɗi a lens mai tsada

Ɗan'uwa in za ka sayi lens, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, irin su Canon 70-200mm f/2.8L IS II ɗin nan na hannu, don Allah kar zumuɗi ya kwashe ka. Tun 2010 ya fito, wani lens ɗin ya sha bukukuwa ba adadi kafin ya iso gare ka.

Ka je da kyamararka da tocila. Cire murfin gaba da na baya, haska ciki ka duba da kyau, 'yar ƙura ba komai ba ce amma in ka ga wani farin zare-zare kamar saƙar gizo-gizo to fumfuna ce, ajiye musu kayansu kawai, na taɓa saye a haka wallahi har yau abin na ci min rai. Sannan ɗora shi a kyamararka, buɗe ƙofar haskensa a 2.8, wato iya buɗewarta, ja zuwa 200mm ka ɗauki idon mutum, zuƙo hoton ka ga ko gashin ido ya fito tar. Saurari fokas ɗin ma, kar ka ji yana ƙara ko yana kai-komo.

Nauyinsa kusan kilo ɗaya da rabi, wunin biki guda wuyan hannu zai gaya maka. Da hunturu kuma kar ka canza lens a fili.