Yadda ake ciro hoto daga kyamarar kwamfuta tana cikin nuna bidiyo kai tsaye

Abin da kyamarar kwamfuta take nuna maka hotuna ne masu bin juna da sauri, galibi guda 30 a kowace daƙiƙa. Aikinka shi ne ka cafke ɗaya daga cikinsu, kuma ka cafke shi daga kyamarar kanta, ba daga fuskar allo ba. Nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, hoton ya fito musu dishi-dishi, su ɗora wa kyamara laifi.

Da farko ka tabbata ba wata manhaja da ta riƙe kyamarar. In Zoom ko Teams na amfani da ita, sau da yawa baƙin allo kawai manhaja ta biyu za ta nuna maka, don haka ka rufe su. Ka kuma duba saman allon, domin wasu laftof suna da ɗan murfin da ake turawa ya rufe idon kyamara. In duk da haka ba ta kawo ba, shiga Settings, ka nemi Camera a ɓangaren Privacy, ka ba manhajar izini.

A Windows 10 da 11 akwai manhaja mai suna Camera da ta zo tare da kwamfutar. Danna Start, ka rubuta sunanta, ka buɗe. Da zarar ka ga fuskarka, kada ka yi gaggawar ɗauka. Fara shiga saitinta ta alamar nan mai kama da zagayayyen ƙarfe mai haƙora, ka zaɓi girman hoto mafi yawa da kyamarar za ta iya. Wadda aka rubuta wa 720p tana ba da faɗin ɗigo 1280 da tsayin 720, ita kuwa 1080p tana kaiwa 1920 da 1080, wato ninki biyu da ɗoriya. Daga nan sai ka latsa babban maɓallin da ke gefen dama mai alamar kyamara. Hoton zai faɗa cikin foldar Pictures, a wata ƙaramar folda mai suna Camera Roll.

Shawarata ita ce ka kunna agogon jinkirin da ke cikin manhajar, na daƙiƙa 2 ko 5 ko 10. Yatsan da ke taɓa laftof yana girgiza allon, kyamarar kuma a jikin allon take. Jinkirin yana ba ka damar janye hannu, ka gyara zama, ka kalli idon kyamarar maimakon ka riƙa kallon kanka.

Mai Mac kuwa Photo Booth zai buɗe, ya danna jan maɓallin. Za ta ƙirga uku, allon ya yi walƙiya fari fat, hoton ya bayyana a jerin ƙasa. Sai a ja shi da linzami a ajiye inda ake so. Abu ɗaya za a kula da shi: hoton kan fito kamar a madubi, dama ta koma hagu. In takarda ka ɗaga wa kyamarar, rubutun zai juya baya, sai ka shiga Edit ka juyo shi daidai. A Linux, manhajar Cheese tana yin wannan aikin.

Idan kyamarar ba a jikin kwamfutarka take ba, kamar ta tsaro da ake kallo ta intanet, manhajar kallon bidiyo mai suna VLC ta fi dacewa, kuma kyauta ce. Buɗe Media, ka zaɓi Open Network Stream ka liƙa adireshin kyamarar. In ta kebul ɗin USB ce, Open Capture Device za ka zaɓa. Bidiyon na fara tafiya, riƙe Shift ka danna S duk lokacin da abin da kake jira ya gifta. Danna sau huɗu ko biyar a jere, daga baya ka tsinci mai kyau, tunda kowanne ana ajiye shi da kwanan wata da lokacinsa a cikin sunan.

Ɗaukar hoton allo ita ce mafita ta ƙarshe, don lokacin da bidiyon ke cikin burauza ko ana tsakiyar kira. A Windows ka haɗa maɓallin Windows da Shift da S, a Mac kuma Shift da Command da 4, sannan ka zagaye wurin da kake so. Amma ka fara faɗaɗa bidiyon ya cika allo, ka jira maɓallan da ke kan bidiyon su ɓace, domin iya girman da ka gani shi za ka samu. In akwai fuskar wani a cikin kiran, ka nemi yardarsa tukuna. Wannan haƙƙinsa ne, kuma ban ɗauke shi da wasa ba.

Saura haske, wanda ya fi duk saitin nan tasiri. Ranar da na buƙaci hoto don cike wani fom, na zauna taga tana bayana. Labule ya fito tar har ana ganin saƙarsa, fuskata kuwa inuwa ce kawai. Kyamarar ta auna hasken tagar ne ta rage komai. Da na juya teburin na fuskanci tagar, ɗauka ɗaya ta wadatar. A ɗaki mai duhu kuma kyamara tana daɗewa tana tattara haske a kan kowane hoto, shi ya sa ɗan motsin kai yake zama jirwaye. Kunna fitila a gabanka, ka goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi, sannan ka buɗe hoton ka ƙara girmansa ka duba idanu da rubutu kafin ka rufe manhajar.