Yadda ake karɓar bayanan marasa muhalli, da dalilin kowace tambaya

Duk wanda ya kama aiki a cibiyar da ke kula da marasa muhalli, ko ma'aikaci ne ko ɗan sa-kai, abu na farko da ake danƙa masa shi ne fom ɗin rajista, kuma ba za a daɗe ba wani daga cikin masu neman wurin kwana zai dube shi ya ce: "To, me za ku yi da sunana?" Tambayar tana kan hanya, domin mutumin da ya rasa ɗakin kwana sau da yawa ya riga ya zayyana labarinsa a ofisoshi da dama ba tare da ya ga amfanin hakan ba, wani kuma yana fargabar kada bayaninsa ya kai ga 'yan sanda, ko jami'an shige da fice, ko wanda ya gudo saboda shi. Don haka kafin ka zauna da kowa, ka bi fom ɗin layi bayan layi, ka tabbatar za ka iya faɗin dalilin kowace tambaya da bakinka cikin jumla guda. Wadda ta gagare ka, ka tambayi shugabanka. Idan shi ma ta gagare shi, alama ce ta cewa a sake duba ko ta cancanci zama a fom ɗin.

Tambayar suna da ta ranar haihuwa babban aikinsu shi ne hana ƙirga mutum ɗaya sau biyu. Wanda ya kwana a wannan cibiya yau, gobe ya ci abinci a waccan, jibi ya je ta uku neman magani, zai fito a matsayin mutum uku idan kowace cibiya tana riƙe da nata lissafin. Wannan ce ta sa a 2001 majalisar dokokin Amurka ta umarci ma'aikatar gidaje da raya birane ta ƙasar, wato HUD, ta samar da ƙidayar da ba ta maimaita mutum, daga nan kuma tsarin adana bayanai na HMIS ya kafu, aka fitar da ƙa'idojinsa a 2004. Birnin Landan yana da irin wannan tsari mai suna CHAIN, inda ma'aikatan da ke zagaya tituna suke rubuta masu kwana a waje, Kanada kuma tana da nata mai suna HIFIS.

Amfanin irin wannan rajista ya fito fili a binciken da Randall Kuhn da Dennis Culhane suka wallafa a 1998, bayan sun bi diddigin rajistar gidajen kwana na New York da Filadelfiya. Sun gano cewa kusan kashi 80 cikin 100 na masu zuwa ba sa daɗewa, suna samun mafita su tafi, kusan kashi 10 suna zuwa suna komawa, sauran kashi 10 ɗin kuwa, waɗanda suka zama tamkar mazauna wurin, su ne ke cinye kusan rabin kwanakin da ake yi a gadajen. Ma'aikacin da ke tsaye a bakin ƙofa ba zai taɓa ganin wannan da idonsa ba, domin shi dai kullum gadaje a cike yake gani. Sai da aka tara ranar shiga da ranar fita ta dubban mutane sannan aka fahimci cewa samar wa wannan ƙaramin rukuni gida na dindindin ya fi ƙara yawan gadaje ma'ana. Akwai kuma dalilin kuɗi, wanda bai kamata a ɓoye shi ba: gwamnati da masu ba da tallafi suna neman rahoto kafin su sake bayarwa.

Idan mutum ya iso, kada fom ya zama abin da zai fara cin karo da shi. A ba shi wurin zama, a ba shi ruwa, idan yana jin yunwa ko sanyi a fara da wannan, sannan a kai shi inda wani ba zai ji maganarsa ba, domin babu mai faɗin ciwonsa a gaban layin mutane. Idan ba ya jin harshenka a nemo tafinta baligi, kada a sa ɗansa ƙarami ya fassara tambayoyin da suka shafi rashin lafiya ko duka. Bayan haka ka yi masa bayani kafin tambaya ta farko, da kalmomi irin waɗannan: "Malam, zan yi maka wasu tambayoyi domin mu san taimakon da ya dace da kai, kuma kada ka sake maimaita labarinka gobe. Ni da abokan aikina ne za mu ga abin da na rubuta, ba za mu ba wata cibiya ba sai da izininka, in ban da inda doka ta tilasta mana. Wadda ba ka so ka amsa, ka ce in wuce." Sai dai kada ka faɗi wannan sai ka tabbatar haka dokar cibiyarku take, domin alkawarin sirrin da ba za a iya cikawa ba ya fi rashin alkawarin muni.

Tambayar da ta fi buƙatar haƙuri ita ce ta inda mutum ya kwana jiya da tsawon lokacin da ya yi babu muhalli, kuma a kanta ne cancantarsa ta samun wasu nau'o'in taimako take ratayawa. A Amurka, alal misali, ana ɗaukar mutum a matsayin wanda rashin muhallinsa ya yi tsanani idan yana da naƙasa kuma ya yi wata 12 a jere yana kwana a titi ko a gidan kwana na gaggawa, ko kuma hakan ta same shi aƙalla sau 4 cikin shekara 3 har jimillar ta kai wata 12, kuma irin waɗannan ake fara ba gidajen dindindin masu haɗe da kulawa. Ke nan amsar da aka rubuta da gaggawa tana iya jefa mutum ƙarshen layi. Mafi yawan masu kwana a waje ba sa riƙe kwanan wata, saboda haka idan ka ce "tun yaushe?" za ka ji "an daɗe". Abin da ya fi shi ne ka taimaka masa ya koma baya sannu a hankali: kafin daren jiya ina ya kwana, lokacin da ya bar gidan haya sanyi ake yi ko zafi, kafin a sallame shi daga asibiti ne ko bayan nan. Da haka watannin za su fito, kuma sau da yawa su fi abin da ya faɗa da farko yawa.

Idan ya ƙi amsa wata tambaya, ka rubuta cewa ya ƙi, idan bai sani ba ka rubuta bai sani ba. Tsarin HMIS ya tanadi gurbi daban ga kowanne daga cikin biyun, har ma yana karɓar laƙabi a madadin cikakken suna, da ranar haihuwa ta kintace. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ka cike gurbin da zatonka don fom ya yi kyau, kamar ka dubi fuskar mutum ka yanke masa shekaru ko ƙabila. A ganina bai dace a hana kowa gado ko abinci don ya ƙi faɗin wani abu ba, amma wajibi ne a gaya masa gaskiya idan akwai shirin da ba zai shiga ba sai ya kawo takardar shaida.

Wadda ta gudo daga dukan miji, ko duk wanda ake farautarsa, lamarinsa daban ne, domin a nan bayanin da ya fita yana iya jawo asarar rai. Dokar Amurka ta kare mata daga cin zarafi, wadda majalisa ta sabunta a 2005, ta hana cibiyoyin da aka kafa domin irin waɗannan mutane shigar da bayanan da za a gane su da shi cikin HMIS, sai dai su riƙe nasu rumbun daban. Ko a inda babu irin wannan doka, idan wani ya bugo waya yana cewa shi ɗan'uwan wance ne, yana tambaya ko tana nan, ba a cewa tana nan, ba a kuma cewa ba ta nan. Ana karɓar saƙo ne kawai. Jami'in tsaro ma idan ya zo neman bayani, ka haɗa shi da shugaban cibiya, wanda zai duba ko ya zo da takardar kotu.

Wajen rubuta rahoto a kan mutum, ka rubuta abin da ka gani da abin da ya faɗa, ka bar hukuncinka a zuciyarka. "Ya ɗaga murya da aka ce masa babu gado" bayani ne, "mafaɗaci ne" kuwa tambari ne da zai bi shi zuwa kowace cibiya da ta buɗe fayil ɗinsa. Ka tuna shi ma yana iya karantawa: a ƙasashen Tarayyar Turai, dokar kare bayanai da ta fara aiki a 2018 ta ba kowa 'yancin ganin abin da aka rubuta a kansa da neman a gyara kuskure. Takardu su kwana a cikin kabad mai makulli, kowane ma'aikaci ya shiga kwamfuta da lambar sirrinsa shi kaɗai, kada kuma a ɗauki hoton fom da wayar hannu. Ƙa'idojin HUD na 2004 sun buƙaci cibiya ta tsara yadda za ta lalata bayanan da ba a amfani da su, ko ta goge sunaye daga cikinsu, bayan shekara 7 da rubuta su ko yi musu gyara na ƙarshe.

Gurbin da aka fi bari fanko shi ne na ranar fita da inda mutum ya nufa, domin da yawa sukan tafi da sassafe ba sallama. Amma da wannan gurbin ne ake sanin ko ya samu gida, ko ya koma wurin dangi, ko titi ya sake komawa. Saboda haka tun ranar da ya zo ka nemi izininsa ka rubuta lambar wayarsa ko ta wani da ya amince da shi, ka kuma roƙe shi ya leƙo ofis ya sanar da kai kafin ya tafi.