Yadda ake daidaita ƙarar fikof-fikof a jitar lantarki

Fikof maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, shi ke ɗaukar kaɗawar tsirkiya ya mayar da ita lantarki. Jitar Stratocaster ta kamfanin Fender tana da uku, jitar Les Paul ta kamfanin Gibson biyu. Yawanci na wuya, wato wanda ke kusa da wuyan jita, ya fi ƙara, na gindi, wanda ke kusa da maɗaurin tsirkiya, ya fito siriri, domin kusa da inda tsirkiya take ɗaure kaɗawarta kaɗan ce. Maganin yana cikin tazarar da ke tsakanin fikof da tsirkiya.

Tanadi ƙaramar sukudireba, rular ƙarfe mai milimita, da amfilifaya. Kafin ka taɓa komai, sa sababbin tsirkiyoyi ka saita su, ka gama da tsayinsu daga wuyan jita. In ka canza tsayin daga baya, aikin ya koma baya.

Da farko, awo. Danne tsirkiya mafi kauri a kan na ƙarshe cikin ƙarafan da aka jera a wuyan jita, ka auna daga ƙasan tsirkiyar zuwa kan maganaɗisun. Maimaita da mafi siranta. Ga fikof mai naɗi ɗaya, Fender ta ba da milimita 2 a ɓangaren kauri, 1.6 a ɓangaren siranta; irin na da kuwa 2.4 da 2. Ga mai naɗi biyu, wato hambaka, ma'aunin da aka saba a jitocin Gibson shi ne 1.6 a gindi, 2.4 a wuya. Rubuta yadda ka tarar da su, don ka iya komawa.

Waɗannan lambobi mafari ne kawai. Sauran aikin na kunne ne.

Bar amfilifaya a tsaftataccen sauti, ba gurɓatawa, ba na'urar matse ƙara, domin dukansu suna ɓoye bambancin da kake nema. Buɗe ƙarar jita gaba ɗaya. Fara da na gindi, tunda shi ne mai rauni: ɗaga shi har ya yi ƙarfi ba tare da ya yi tsini a kunne ba. Sai ka kaɗa abu ɗaya da ƙarfin hannu ɗaya, kana sauya makunni tsakaninsa da na wuya. In na wuya ya danne shi, na wuyan za ka saukar. Murɗa rabin zagaye a kowane gefe, ka saurara, ka sake. Na tsakiya shi ne na ƙarshe. A fikof da ke rataye a farantin da ke fuskar jita, murɗawa dama ɗagawa ce; wanda aka ɗaure kai tsaye a katako, kamar fikof ɗin da ake kira P-90 a wasu jitocin, dama saukarwa ce.

A nan mutane suka fi ɓata aiki: su yi ta ɗaga mai rauni har ya kusa taɓa tsirkiya. Maganaɗisu yana jan ƙarfe. In ya matso da yawa, sai ya hana tsirkiya kaɗawa yadda ya kamata, sauti ya mutu da wuri, ka ji wata rawar murya kamar sauti biyu na faɗa, na'urar saita tsirkiya ma ta ƙi tsayawa. An fi jin haka a tsirkiya mai kauri, sama da ƙarfe na 12, musamman daga fikof ɗin wuya na Stratocaster. Kuma jan yana nan ko ba shi ka kunna ba. Da ka ji haka, sauke ɓangaren kauri zagaye guda. A ganinmu gara a rasa ɗan ƙara, amfilifaya za ta cike gurbin.

Idan tsirkiya ɗaya ce ta fi sauran ƙara, yawanci ta uku ce, domin an tsara tsayin maganaɗisun tsofaffin Stratocaster ne lokacin da ake naɗe tsirkiya ta uku da waya. A hambaka akwai sukuru shida a sama. Sauke na wannan tsirkiyar kaɗan. Maganaɗisun Stratocaster kuwa kada ka buga su ƙasa, wayar ciki tana iya tsinkewa.

In tsayi bai magance ba, ɗauko mitar masu gyaran rediyo. Sa igiyar jita, ka auna tsakanin kan filogin ɗaya ƙarshenta da jikinsa, fikof ɗaya bayan ɗaya. Mai naɗi ɗaya kan nuna wajen kilo-om 6, hambaka irin ta da wajen 8, masu zafi, wato masu ƙarfin ƙara, har 16. Jitar da ta haɗa hambaka mai zafi da masu naɗi ɗaya ba za ta daidaita tsaf ba. Sauke hambakar sosai, ka karɓi ɗan bambancin da ya rage. In mita ba ta nuna komai ba, waya ta tsinke ko dalma ta saki.

Idan kowanne shi kaɗai lafiya, amma haɗa biyu sai sauti ya sirance ya rasa kauri, an juya wayoyin ɗaya, abin da ake yawan gani a jitar gwanjo da aka canza wa fikof. Musanya wayoyin naɗinsa biyu ka like da dalma, amma wayar murfin ƙarfe ta zauna inda take. Fikof da ke zamewa ƙasa da kansa kuwa sifirin ko robar da ke jikin sukuru ce ta mutu. Canza ta, ko ka sa soso mai tauri a ƙarƙashinsa.