Kullen asusu: ku sa na ɗan lokaci

'Yan'uwa masu kula da saba (server) a Abuja, kada ku sa wa asusun shiga saba kullen dindindin saboda kuskuren kalmar sirri.

A Linux, cikin /etc/security/faillock.conf, ku rubuta:
deny = 5
fail_interval = 900
unlock_time = 600
Wato kuskure 5 cikin minti 15, asusu ya rufe na minti 10.

Wannan ya isa ya gajiyar da mai cankar kalmar sirri. In kuka sa unlock_time = 0, wato kullen dindindin, duk wanda ya san sunan asusun Oga zai iya kulle shi da gangan, ku kuma a tashe ku tsakar dare.

Amma fa wannan kulle ba ya kama mai gwada kalmar sirri ɗaya a asusu ɗari. Nan sai fail2ban, manhajar da ke toshe adireshin IP (lambar na'ura a intanet) da ya yawaita kuskure. Ku tuna ku sa adireshin ofis a ignoreip (jerin adireshin da fail2ban ba zai toshe ba), don ma'aikata duk ta IP ɗaya suke fita.