Yadda Ake Gano Matsala Idan Manhaja Ta Ƙi Tashi a Sabar Haɗaka

Da yawa daga cikin masu koyon gina shafuka a Samaru da Kongo da ke Zariya sukan gwada manhajarsu da XAMPP, manhajar da ke mai da kwamfutar mutum sabar gwaji, komai ya tafi daidai, amma da zarar sun ɗora ta a sabar haɗaka, wato wadda kamfani ke bai wa mutane da dama haya a kan na'ura ɗaya, sai shafin ya fito fari fat ko ya nuna lamba 500, alamar kuskure a cikin sabar. Kafin a taɓa komai, a buɗe cPanel, wato shafin sarrafa asusun sabar, a karanta rajistar kurakurai ko fayil ɗin error_log, domin a nan sabar take rubuta abin da ya hana ta aiki. Sauya saiti bisa zato asarar lokaci ce da data.

Idan lamba 500 ce, a fara zargin fayil ɗin .htaccess mai ɗauke da umarnin saitin sabar, wanda ba ya bayyana sai an umarci File Manager ya nuna ɓoyayyun fayiloli. A sauya masa suna na ɗan lokaci. Idan shafin ya tashi, to akwai umarnin da sabar Apache ba ta amince da shi ba, sau da yawa layin php_value. Izinin fayiloli ya zama 644, na folda kuma 755. Masu ba da shawarar a sa 777 ba su kyauta ba, domin hakan buɗe wa ɓarayi ƙofa ne, wasu sabobin ma ƙin gudanar da fayil ɗin suke yi. A duba sigar harshen PHP, tunda Laravel 11, wani tsarin gina manhaja da PHP, ba ya aiki da abin da ya gaza 8.2.

Lamba 404 kuwa, mai nuna ba a sami shafin ba, takan samo asali daga haruffa: Windows ba ya bambanta Index.php da index.php, Linux kuwa yana bambantawa.

Wajen haɗa rumbun bayanai, cPanel yakan liƙa sunan asusun mutum a gaban sunan rumbun da na mai amfani da shi, don haka cikakken sunan za a rubuta a saiti, sannan a tabbatar an bai wa mai amfanin izini a kan rumbun. Fayil ɗin .env, da yake yana ɗauke da kalmomin sirri, a ajiye shi a wajen public_html, foldar da masu ziyartar shafin ke iya kaiwa gare ta. Idan kuma yanzu aka sauya adireshin yanki, wato inda sunan shafin ke nunawa, yaɗuwarsa a intanet takan kai awa 48, don haka a jira kafin a tuntuɓi kamfanin, a kuma tura masa ainihin layin kuskuren da aka kwafo daga rajista.